Inda Hannun Mama Ke Kaiwa

Jama'a, yau tonon silili na zo yi wa kaina, don haka mai shirin zagina ya gyara zama, zai samu abin zagi har ya yi guzuri. Na ga saƙonninku. Wata ta rubuto min, "Auta, ke wace irin mutum ce, bawan Allah ya fi shekara yana jiranki?" Wata kuma ta ce in ba na so in miƙo mata lambarsa. Baiwar Allah, ki yi haƙuri, lambar nan ba ta rabo ba ce.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni ce autar gidanmu, tela ce ni, shagona yana bakin titi ba nisa da gida. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Babanmu. 'Yan'uwana duk sun watse, kowa da gidansa, aka bar mu daga ni sai Mama a gida mai ɗaki tara da bene. Shi kuma wanda ake ta min faɗa a kansa kafinta ne. Gyaran ƙofar kicin ya kawo shi gidanmu, ya gama cikin awa ɗaya, ya tafi ya bar ni ina yi wa mutane ɗinki a karkace har kwana uku. A wayata "Mai Awo" na sa masa, don mutumin nan ko kofin shayi ka miƙa masa sai ya juya shi ya duba kaurin bakinsa kafin ya sha.

Sau uku yana tambayata aure. Sau uku ina ba shi amsa ɗaya: "Ba zan iya barin Mama ita kaɗai a gidan nan ba. Ranar da na ga za ta iya zama ba tare da ni ba, zan ba ka amsa." Sai ya ce to. Shi bai iya naci ba, "to" ɗinsa ma guda ɗaya ce, ba ya maimaita ta.

Kuma maganata ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ɗakin Mama a sama yake, matakala goma sha bakwai, ga ta da ciwon gwiwa, ga kafaɗar dama da ta ƙi ɗaguwa tun faɗuwar da ta yi a banɗaki. In ta sauko da safe ba ta komawa sai dole. In an yi ruwa, bokiti shida muke jerawa a ɗakunan da ba kowa. Sharar gidan kaɗai tana cinye min safiyar Asabar. Duk wanda ya zo sai ya ce, "Kai, Auta tana ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka." Ni kuma in sunkuyar da kai, ina jin daɗi a raina.

Ana nan, wata safiya muna shan shayi, Mama ta ajiye kofinta ta ce, "Jiya na je wurin Malama." Malama ƙawarta ce, tsohuwar malamar makaranta. "Na ga gidan da yaron nan kafinta ya gina mata. Ɗan mitsitsi, Auta, falonmu ma ya fi shi. Amma wallahi da na shiga ban so fitowa ba. Irinsa nake so, a filin lambun Babanku."

Shayin ya sarƙe ni, na yi ta tari.

Kafin azahar maganar ta kai kunnen Yaya, babban wanmu. Saƙon murya ya dinga turowa a zauren hirar gidanmu, wani minti huɗu, wani minti shida. "Me duniya za ta ce? 'Ya'ya biyar, uwa a akurki? Wannan aikin kafintan nan ne, so yake ya kwashe Auta, shi ya sa ya hure wa Mama kunne." Mama ba ta iya dogon rubutu ba, da yatsa ɗaya take dannawa. Ta ɗauki kusan minti goma, sai ga amsarta layi biyu: "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na kira shi, ba shi ya kira ni ba."

Ni kuwa na san abin da ƙaramin gidan nan yake nufi. Ranar da Mama ta shiga, dalilina ya ƙare.

To bari ku ji yadda Mai Awo yake aikinsa, don a nan na jefa kaina a rijiya. Shi ba ya fara zane sai ya san mutum. Ya zo da yamma, riga mai gajeren hannu ruwan toka, fensir a bayan kunne, ya durƙusa ya gaida Mama, sannan ya ajiye mata ƙunshin jajayen sitika, ƙanana kamar farcen babban yatsa.

"Mama, mako biyu za ki yi. Duk abin da hannunki ya taɓa don amfani, ki manna masa ɗaya. Kada ki manna wa abu don kina son sa, sai don kin yi aiki da shi. In na dawo zan zagaya. Abin da ke da ja shi zan gina wa wuri."

"In suka yi yawa fa?" in ji Mama.

"Sai in gaya miki gaskiya, ƙaramin gida ba naki ba ne. Ba zan gina miki inda za ki shiga kina kuka ba."

Daga nan ya ce ta tsaya jikin bango ta ɗaga hannun dama. "A hankali, Mama. Inda kafaɗar ta ce tsaya, ki tsaya, kada ki yi min jarumta." Ta ɗaga, ya sa alama da fensir, ya auna, ya fita waje ya yanko wani siririn katako daidai tsawon. Ya ce duk abin da zai kafa a gidan ba zai wuce sandar nan ba. Ina tsaye a wurin fa, da idona. Sai dai idon nawa ba a kan sandar yake ba, yana kan yadda yake tallafe gwiwar hannun Mama da yatsu biyu kamar mai riƙe da ƙwai.

Kwana goma ina bin Mama da kallo. Ta manna wa butar shayi, tukunya biyu, kofi uku, rediyo, kujerarta ta bakin taga, fitilar gefen gado, akwatin magani. Kayan sawa kuwa, cikin sif uku da take da su, kala tara kawai suka samu ja. Na zaga gidan na ga ɗakuna bakwai ko ɗigo babu. Rayuwar Mama gaba ɗaya za ta shige bayan ƙaramar mota, a kuma samu wurin zama.

Ranar Laraba matar Yaya ta zo ta kai Mama asibiti duba gwiwa. Ƙarfe goma na safe na rufe shago, na ce wa maƙwabciyata kaina ke ciwo. Na shigo gida, na buɗe durowar Mama, na ɗauki ƙunshin sitika. Na fara da katon sif ɗin Baba, mai ƙofa huɗu da madubi, wanda har yau in ka buɗe ƙamshin turarensa ke fara gaishe ka. Na manna. Na wuce kabad ɗin gilashi na falo, na manna. Agogon bango, manyan tukwanen da ke saman kanta, kantar littattafan Baba, hotuna, ƙofofin ɗakunan sama, labulen falo masu nauyi. Ina tafe ina mannawa kamar mai liƙa talla a bango, cikin minti ashirin gidanmu ya yi ja kamar mai ƙyanda. Na mayar da ƙunshin inda yake, na koma shago na ci gaba da ɗinki kamar ba ni ba.

Ranar da wa'adi ya cika Yaya ma ya zo, cikin farar shadda da ta sha guga, turarensa ya riga shi shigowa. Ni kuma na sa doguwar rigar nan koriya da na ɗinka wa kaina, mai ƙananan maɓallai a hannu, wai don in yi kama da wadda ba ta san komai ba. Yaya yana ganin gida ya yi ja ya washe baki.

"Malam kafinta, ka gani ko? Duk wannan kayan za ka cusa a akwatin ashana?"

Mai Awo ya ɗauki sandarsa ya fara zagayawa. In ya zo kan sitika sai ya dafa sandar a ƙasa, ya jingina ta kusa da ita, ya duba. Wata ya rubuta a littafinsa. Wata kuma ya sa farce ya ɓare ta a hankali ya manna a bayan littafin. Da farko ban gane ba. Sai da ya zo gaban sif ɗin Baba, ya jingina sandar, na ga sitikata tana can sama da kan sandar da kusan tafin hannu biyu.

Innalillahi! Ni fa doguwa ce, tsawon Baba na ɗauko, Mama kuwa kafaɗata take kawowa. A tsaye na yi ta mannawa, kowace daidai fuskata. Ni da nake awo tun safe har yamma, ni da nake yi wa mata faɗa in sun kawo min awon da ba nasu ba, ni ce na manta cewa hannun Mama ba ya kaiwa inda nawa ke kaiwa. Na saci kallon Mama, tana zaune a kujerarta tana gyara ɗankwali, ko inda nake ba ta duba ba.

Da ya gama ya dawo falo ya ce, "Mama, za a gina."

Yaya ya zabura. "Da duk kayan nan?"

"Kayan Mama za su shiga, Yaya, har wuri ya rage."

Bai kalle ni ba, bai tona ni ba. Sai da zai tafi na raka shi bakin ƙofa. Ya tsaya wajen famfon tsakar gida, ya yage bangon littafin nan na baya, ya miƙo min. Jajayen sitika a jere, layi-layi, ya ma tsara su da kyau, don shi ko fushi yake ba ya aikin banza.

"Waɗannan ba na Mama ba ne," ya ce a hankali. "Hannunta ba ya kaiwa nan."

Na karɓi takardar.

"Auta, da kin ce min a'a tun farko, da ya fi min sauƙi. Ba sai kin sha wannan wahalar ba."

Ya ɗaura sandarsa a babur ya tafi. Na tsaya riƙe da takarda har ƙarar babur ɗin ta ɓace.

Da yamma na rubuta masa, "Don Allah ka yi haƙuri." Na goge, na sake rubutawa, na ƙara "ba abin da kake zato ba ne", na sake gogewa, don abin da yake zato ɗin ne. A ƙarshe na tura ta farkon. Bayan awa biyu ya amsa: "Ba komai." Ku da kuka san soyayya kun san "ba komai" ɗin nan, gara mari. Da can kowace safiya sai ya turo min hoton katakon da zai yi aiki da shi, ya rubuta, "Dubi zanen jikinsa, Allah gwani." Ni kuma in tura masa hoton yadin da zan yanka. Daga ranar shiru. Mako bakwai ina duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Mama kuwa kullum wayarta na ƙara: an zuba ƙasa, an kafa bango, an ɗora rufi. Ta miƙo min ta ce, "Karanta min, idona ba ya gani sosai." Ƙarya take, da tabarau a fuskarta.

A cikin makonnin nan ne wata rana da rana tsaka na shiga ɗakin Baba don in share, sai na tarar sif ɗin ba ya nan. Wurin ya yi fari a bango. Mama ta ce an ɗauke, ba ta ce ina aka kai ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Na zauna a ƙasa inda yake na yi kuka har na gode Allah. A nan na faɗa wa kaina abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau kuma ga shi ina faɗa muku: ba Mama ce ta kasa barin gidan nan ba, ni ce. A gidan nan na yi jinyar Baba wata takwas. Gani nake in na fita na ja ƙofa, na bar shi a ciki shi kaɗai. Kuma ina tsoron aure, ina tsoron in so mutum in zo in zauna gefen gadonsa ina ƙirga numfashinsa. Sai na ɓuya a bayan gwiwar Mama, mutane suna ta sa min albarka.

Ranar tashi ta zo, Asabar bayan la'asar. Tafiya ɗaya ƙaramar motar kaya ta yi. Ni ban taɓa zuwa wurin ginin ba, kunya ta hana ni, don haka sai ranar na fara ganinsa. An ce gani ya kori ji.

Yana zaune a tsakiyar lambu ƙarƙashin bishiyoyin da Baba ya shuka, ɗan ƙarami, fari, da rumfa a gaba wadda ta kusa kai rabin gidan. Babu matakala ko ɗaya. Ƙasa ce ta ɗan tashi a hankali har bakin ƙofa, da ƙarfen dafawa a gefen hagu, gefen hannun Mama mai lafiya. Ƙofar ba a ja, ba a turawa, gefe take zamewa, Mama ta buɗe ta da yatsa ɗaya.

Muna shiga iska ta buge mu. Taga biyu ne suna kallon juna, ga wata 'yar siririya can sama kusa da rufi da ke fitar da zafi. Yaya, wanda ya zo da fuska a ɗaure, ya tsaya yana ɗaga kai yana neman fanka. "Ina na'urar sanyin take?" Mai Awo ya ce babu, iskar lambu ce kawai aka nuna wa hanya.

Ɗaki ɗaya ne, amma wallahi ba ka jin matsi. Gadon yana lungu, tsayinsa daidai bayan gwiwar Mama, ta zauna ta tashi ba tare da ta ce "wash" ba, abin da na shekara biyu ban gani ba. A ƙarƙashinsa durowa uku masu taya, kayan sawarta duka suka shige biyu. Teburin cin abinci a jikin bango yake kwance, ka ja wata 'yar igiya ya sauko, ka gama ka mayar. Wani dogon benci ya bi bango ɗaya, mai laushi, mutum biyar za su zauna, in ka ɗaga murfinsa barguna ne a ciki. Kujerarta tana bakin taga, da ɗan gurbi a bango daidai rediyonta, da wani daidai kofin shayi. Duk inda katako ya yi kusurwa ya goge shi ya zama zagaye, na bi da tafin hannuna ina nema ko zan samu inda zai karce ni, ban samu ba.

Kicin ɗin taku uku ne. Kantocin ba su da zurfi, abu ɗaya kawai suke ɗauka a jere, don kada wani abu ya ɓuya a bayan wani. Famfon dogon hannu gare shi, da gwiwar hannu ma za ka buɗe. Banɗaki kuwa da wurin zama a ciki, da ƙarfen riƙewa, ƙasan ba ya santsi ko an zuba sabulu. Kuma ba abin da ya wuce inda hannun Mama ke kaiwa. Daga nan zuwa sama haske ne kawai da farin bango. Mama ta dinga zagayawa tana buɗe wannan tana rufe wancan, tana dariya kamar yarinyar da aka saya wa sabon takalmi. Shekara huɗu rabon da in ji wannan dariyar.

Yaya ya zauna a benci don ya huta minti ɗaya, ya jingina, ya miƙe ƙafa. Can na ji ya rage murya yana cewa, "Malam kafinta, irin wannan, a ce a bayan gidana, na mutum ɗaya, inda yara ba za su sani ba, zai yiwu?" Matarsa ta ce, "Ina jin ka fa."

Ni kuwa ina tsaye gaban kabad ɗin kicin, don launin katakon ya tsaya min a rai. Na buɗe ƙofar. Ƙamshin turaren Baba ya fito ya tare ni. Na dubi hannun ƙofar, shi ne, na tagulla mai ɗan lanƙwasa, wanda nake lilo da shi ina ƙarama. Na juya na dubi allon kan gado, da firam ɗin madubin banɗaki, duk sif ɗin Baba ne aka yanka aka sake haifa.

"Yaron ne ya roƙe ni," in ji Mama daga bayana. "Ya ce akwai wadda take son sif ɗin nan, kada a rabu da shi. Ya ce a sa shi inda za ta zo ta taɓa duk ranar da ta so."

Mutumin da na yi wa ha'inci, ya karanta ƙaryata ya ciro gaskiyar da ke ciki. Na waiga in gan shi, ya riga ya fita.

Sai a lokacin na sake duba ɗakin da kyau. Gado ɗaya, na mutum ɗaya. Matashi ɗaya. Na ɗaga murfin benci ko akwai katifa a ɓoye, na leƙa bayan labule ko akwai wata ƙofa. Babu.

"Mama, ni fa?"

Yaya ya yi caraf. "Ke ai gidana za ki, an gyara miki ɗakin baƙi, ki taya Antinki da yara. Magana ta ƙare."

Mama ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ta zauna a bakin gado, ta jawo ni na durƙusa a gabanta, ta riƙe haɓata kamar yadda take yi in za ta sa min kwalli ina yarinya.

"Ranar da na dawo daga asibiti na ga ja a saman sif ɗin Babanki, na ce ikon Allah, ko tsawo na ƙara ban sani ba." Ta yi 'yar dariya, amma idonta ya kawo ruwa. "Auta, shekara uku ina ƙin gidan can. Kowane ɗaki in na wuce sai ya tambaye ni ina mutanensa. Na yi shiru don na ga ke ba ki shirya ba. Ke kuma kina ta gaya wa duniya ni ce na riƙe ki. Ina zaune dominki, kina zaune domina, gida yana ruɓewa a kanmu. To ni na gaji. Na haife ki ne ki rayu, ba ki yi gadina ba. In ba kya son yaron nan ki gaya masa, ba wanda zai miki dole. In kina son sa ki gaya masa. Amma daga yau kada ki ƙara sa sunana a amsarki."

Ta sake ni, ta share min fuska da gefen mayafinta, ta ce, "Tashi ki ba ni wuri, gidana ba ya ɗaukar mai kuka."

Na fito. Rana ta yi sanyi, yana can bakin lambu yana ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan babur. Ya rame, ko idona ne, ban sani ba. Na taka har inda yake, Yaya kuma ya biyo ni a baya yana kaɗa makullin mota, wai in zo mu tafi kafin hanya ta cushe.

"Gidan ya yi kyau," na ce.

"Na gode."

"Na ga sif ɗin."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan igiya.

"Tambayar nan taka," na ce. "Ka sake yi min ita."

Ya ɗaure igiyar, ya gwada ta da hannu, sannan ya ɗago ya dube ni, karo na farko cikin mako bakwai. Ba fushi a fuskarsa, ba kuma dariya.

"Sau uku na yi, Auta. Ba na son in yi ta huɗu in ji sunan wani a amsar. In akwai tambaya yanzu, a bakinki take."

Ya sa ƙafa zai tayar da babur. Jama'a, na san abin da za ku ce, ina kunya, ina ajin mace, ga babban wanki a tsaye taku biyu a bayanki. Duk na tuna su. Amma na ga in ƙafar nan ta sauka, shi ke nan, mutumin nan ba ya maimaita magana. Na sa hannu na riƙe kan babur ɗin.

"Za ka aure ni?"

Makullin Yaya ya faɗi ƙasa. Mai Awo ya tsaya da ƙafa a sama, baki a ɗan buɗe, kamar an ɗauke shi hoto.

"Me na ji?" in ji Yaya. "Auta! Me kunnena ya ji yanzu?"

Sai ga tagar ɗakin ta zame gefe, Mama ta leƙo da kofin shayi a hannu.

"Kunnenka ƙalau yake," ta ce. "Matsa gefe ka bar yaro ya ba ta amsa."